Rakiyar da ta ƙare a bakin ƙofa

Ko tsufa ya kwashe min komai, ranar da na raka jikata prom ba za ta fita daga raina ba.

Shekarar da za ta gama sakandare ce a nan Greensboro, ƙasar Amurka. Ubanta, ɗana na fari, ya ce babu inda za ta je rawa da maza. Yarinya ta daina cin abinci. Na zaunar da ita na ce, "Ke, wai mene ne wannan prom ɗin?"

Ta ce, "Kaka, ban kwana ne. Daga nan kowa zai watse."

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san watsewar tsara. Waɗanda muka yi gaɗa da su a dandali, ba mu san daren ƙarshe ba ne sai da ya wuce. Na samu ubanta na ce, "Za ta je. Ni zan raka ta, idona a kanta." Ya ce in dai da ni, ya yarda.

Aka ɗinka mata doguwar riga mai hannu, na zana mata lalle da kaina. Ni ma na ci ado da leshina, na ɗauko kular dambun nama, don ban taɓa zuwa biki hannu biyu ba. Tana ta "Kaka, no," ina cewa ta yi min shiru.

Uwarta ta sauke mu a Downtown, wato tsakiyar gari, ta tafi neman wurin ajiye mota. A bakin ƙofar zauren bikin wata malamarsu ta tare ni da murmushi. Jikata ta sunkuyar da kai ta fassara min: ba a shiga da iyaye. Na duba, ga iyaye tsaitsaye a waje suna ɗaukar hoto, wata ma tana share hawaye. Biki babu manya! Ga kuma alkawarin da na yi wa ubanta.

Ta ce, "Shi ke nan, Kaka, mu koma gida."

Yadda ta faɗe shi babu gardama ne ya yanke min shawara. Na gyara mata mayafi na ce, "Shiga. Ubanki ni na haife shi." Na rangaɗa guɗa har Turawa suka zabura. Dambun kuwa, mu iyayen waje muka cinye.

Da na koma gida ba tare da ita ba, ɗana ya fara faɗa, na ce ya jira ta dawo. Ta dawo a lokacin da aka sa mata, mayafinta yadda na ɗaura shi. Da safe ta kwanta a cinyata tana lissafa min ƙawayen da ta yi sallama da su. Na gode wa Allah da ya ba ta abin da ni ban samu ba.

Ranar na gane rakiya tana da iyaka. Akwai ƙofar da dole ka tsaya a bakinta, tarbiyyar da ka yi ita za ta shiga da yaro.