Yawon da Muka Kai Gwaggo

Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo aikin hajji daga Sudan a wata shekara da hajji ya faɗo cikin sanyi. Da aka gama sai ta dawo Jidda jiran jirgin ruwan da zai mayar da ita gida, jirgin kuwa ya yi ta jinkiri. A wurina ta sauka, a unguwar Karantina, domin mahaifina ya riga ya rasu, ni kaɗai na rage mata a wannan tsallaken. Ɗakinmu guda ne, na katako da kwano, sai ɗan tsakar gida da muka kewaye da tsofaffin buhuna. Ni da maigidana da yara biyu, ita ce ta biyar.

A lokacin wankau nake yi a gidajen unguwar Ammariyya. In fita da sassafe, in dawo bayan la'asar hannuwana duk sun tsattsage da sabulu. Maigidana kuma tsire yake gasawa. Da yamma ya ɗauki tirensa da gawayi ya nufi ƙofar wani gidan silima, irin na wancan zamani, wato fili ne kawai da aka kewaye da katanga, aka jera kujeru, aka kafa farin ƙyalle. Ni ina shigowa shi yana fita. Juma'a ce kaɗai nake samun kwantar da bayana.

Gwaggo ba mai son zama ba ce. Ta share gidan, ta sake sharewa, ta yi wa yara kitso da aski, sannan wata ranar Alhamis ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, a garin nan naku ina ake zuwa a sha iska? Ko in koma a tambaye ni me na gani a Jidda, in ce ƙudaje da kwano?"

A garin aka haife ni, na kuma san duk wuraren da mutane suke zuwa nishaɗi. Da salla nakan sayar da gyaɗa a filin da ake kafa lilo na katako a tsohon gari, na yi shekaru ina kallon 'ya'yan mutane suna tashi sama suna ihu. Amma ban taɓa zuwa ko'ina hannuna babu tire ba.

Maigidana ne ya amsa. Ya ce, "Halas, shi ke nan, Gwaggo, gobe sai bakin teku."

Na harare shi, bai gani ba.

Shi a wurinsa maganar ta ƙare da ya faɗa. Ni ce na tashi tun duhu na dafa shinkafa da kifi, na naɗe tabarma, na cika buta, na goya ƙaramar. Muka hau bas zuwa Balad, wato tsohon gari, daga nan muka taka da ƙafa har bakin ruwa. Iyalai sun bazu a kan yashi, maza suna ninƙaya da wandunansu, 'yan kwale-kwale suna kiran masu son a zaga da su. Gwaggo ta zauna ta juya wa tekun baya.

Na ce, "Gwaggo, ga ruwan can fa."

Ta ce, "Na gan shi. Tun daga Fatsudan, inda muka hau jirgi, nake amai a kansa, kuma zan sake. Ba mu gaisawa da shi."

Muka ci shinkafa da yashi a ciki, muka dawo. Washegari na je aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Juma'a ta biyu muka shiga tsohon gari. Gwaggo ta yi ta ɗaga kai tana kallon dogayen gidajen nan masu tagogin katako da aka sassaƙa, tana salati. Ta tambaye ni ko na taɓa shiga irinsu. Na ce mata na sha shiga, ta ƙofar baya, kuma abin da na fi sani a cikinsu matakala ne, domin a saman soro ake shanya. Daga nan muka kai ta maƙabartar da ake cewa a nan aka binne kakarmu Hauwa'u. Mata ba sa shiga, sai muka tsaya a jikin katanga, ta yi addu'arta, muka shafa. A hanyar dawowa muka bi ta ƙofar silimar da maigidana yake sana'a. Rana ce, an rufe, sai hotuna manne a bango.

Ta ce masa, "To me ake nunawa a ciki?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Gwaggo, ni dai murya nake ji. In na ji kiɗa ya yi ƙarfi na san an kusa fitowa, sai in ƙara wuta."

"Ba ka taɓa shiga ba?"

"In shiga, wa zai tsare mini naman?"

Muka kama hanyar gida.

Cikin makon nan aka yi ruwa. A Jidda ruwan sama baƙo ne, sai a shekara ba a gan shi ba, amma in ya zo Karantina ce take fara sani. Ya shigo mana ta rufi, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya taho da duk ƙazantar unguwa. Muka yi ta kwashewa da kwanoni muna zubarwa waje yana dawowa. Katifa ta jiƙe, garin masara ya lalace, ƙaramar ta kama tari. A gidajen da nake aiki ma ruwan ya taɓa labule da shimfiɗu, wanki ya ninka.

Bayan kamar mako biyu wani maƙwabcinmu mai tuƙa wanet, ƙaramar motar kaya ta uban gidansa, ya zo da labari. Ya ce filin da ke gabas da gari, ta hanyar Makka, ya yi kore shar, mutane suna ta fita da iyalansu. Ya ce ranar Juma'a motar tana hannunsa, in muna so. Gwaggo ta miƙe zaune.

Da ya fita na ce wa maigidana, "Malam, ni fa ba inda za ni. Ku je ku dawo."

Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, wannan ne na ƙarshe. Jirginta ya kusa."

"Kai ba ka san abin da ake kira na ƙarshe ba. Tukunyar a kaina take."

Gwaggo tana tsakar gida, ta ji komai, domin katako ba ya ɓoye magana. Amma da na tashi da asubar Juma'a na tarar ta riga ta hura wuta, ta dama kunu, ta ɗora wake. Sai kunya ta hana ni zama.

Muka hau bayan motar, muka wuce gidajen shayi na bakin hanya da dogayen kujerunsu na igiya, inda maza suke kishingiɗa suna zuƙar shisha. Gidaje suka ƙare. Direban ya sauka daga kwalta ya yanki fili. Gaskiya ban taɓa sanin ƙasar nan tana iya yin haka ba. Shimfiɗaɗɗen fili ne har gindin duwatsu, ciyawa gajeriya ta rufe shi, ba mai yawa ba, in ka duba ƙarƙashin ƙafarka yashi za ka gani, sai ka hanga nesa sannan ta zama kore. Can gefe awakin Larabawan ƙauye suna kiwo.

Gwaggo ta sauko ta tuɓe takalmanta. Ta yi ta tafiya a sunkuye, yara suna bin ta. Sai na ji ta ɗaga murya, "Kai, filasko! Ga tumfafiya ma! Ashe har nan suka biyo mu." Ta dawo da ganye cike da haɓar zaninta, tana ba yara labarin yadda ita da mahaifina suka taso daga ƙasar Hausa suna ƙanana, a ƙafa, iyayensu suna noma a hanya shekara bayan shekara, har ita ta yi aure ta tsaya a Sudan, shi ya ƙetaro.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar motar da niyyar in ɗan miƙe ƙafa kafin in zuba abinci. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ba warin kwata, ba ƙarar kowa. Abin da na sani ke nan.

Da na farka rana ta karkata. Sun ci abinci, sun sha shayi, an wanke kwanoni da yashi, maza sun yi sallar la'asar. An rufa mini mayafin Gwaggo. Na tashi a firgice ina cewa don me ba a tashe ni ba.

Maigidana ya ce, "Na zo tashinki, ta ce in na taɓa ki sai ta saɓa mini."

Gwaggo ta miƙo mini kwanon wake ta ce, "Ci, ɗiyata. Ciyawa ce, ba wani abu kika rasa ba."

Direban yana ta yalla yalla, wai mu yi sauri, zai mayar da mota. Na ci a tsaye. Kafin mu kai kwalta tayar baya ta nutse cikin yashi, muka sauko duka muka yi ta turi, har da Gwaggo, muka isa gida bayan magariba jiki duk ƙura.

Jirginta ya zo a makon da ya biyo. Na raka ta tashar jirgin da safe, na ɗaukar mata ƙullin kayanta da jarkar zamzam. A ƙofa ta riƙe hannuna ta juya shi, ta daɗe tana duban tsagar da sabulu ya yi, sannan ta ce in riƙa shafa man shanu kafin in kwanta. Na ce to. Ba mu sake ganin juna ba, bayan wasu shekaru alhazan garinsu suka kawo mini labarin rasuwarta.

Ban jira tashin jirgin ba ran nan. Na riga na makara, kuma uwar gidan da nake wa aiki ta ce akwai barguna.