Kurwar da Mai Kanwa Ya Riƙe

Kwanan baya na kama 'yata Rabi tana hawaye a kan waya. Wai labarin wani Bature mai shan jinin mutane take karantawa, ya kamu da son wata yarinya. Na yi mata dariya, na ce mu a Badarawa da namu muka tashi, kuma namu bai damu da jini ba, kurwa yake kamawa. Sai dai dariyar ba ta kai ciki ba, don Inna Dije ce ta faɗo mini a rai.

Inna Dije kakata ce ta wajen uba. In an idar da isha'i mukan taru a ɗakinta, ta tura mana gyaɗa cikin toka. Wutar ɗakin nan ba ta mutuwa ko da bazara, mu muna zufa ita tana ɗumama hannu. Mace ce mai tsokana, ni Kunnen Jaki take ce mini saboda son jin magana. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da ɗaya. In za ta yi ta, sai ta janye ƙafafunta cikin zane ta ce, "Ku matso. Wagga ba a hwaɗinta da ƙarhi."

Wata yarinya ce, Lanti, mai kai fura kasuwar Shinkafi. Akwai wani saurayi mai kawo kanwa daga arewa a kan jakuna, kyakkyawa, wanda bai taɓa yarda inuwarsa ta taɓa ta ba. In ta miƙa masa ludayi sai ya ce ta ajiye a ƙasa. Ta ɗauka kunya ce, sonsa ya ƙara kama ta. Ashe maye ne na gado, kuma ya san duk abin da idonsa ya so, cikinsa ba ya bari.

Ran nan ta gaji da kunyar, ta sha gabansa da gangan, ta tsaya cikin inuwarsa tana dariya. Kafin ta kai gida jiki ya ɗau zafi. Ta kwanta tana ramewa kamar kara.

Maganin kamun maye ɗaya ne: wanda ya kama ya zo gaban jama'a ya tsallaka mara lafiya, kurwa ta koma. Amma wanda ya tsallaka ya tona asirin kansa, shi da ƙasar har abada, in ma ya tsira da rai. Aka yi wa Lanti hayaƙi don ta faɗi suna, ta cije leɓe har ya yi jini, ta ƙi. Ta zaɓi ta mutu da a jefe shi. Da ya so, da ya kora jakunansa ya wuce ba wanda ya sani. Sai ga shi da kansa a tsakar gida, ya tsallaka ta, ya fita ana binsa da duwatsu.

A nan mukan saki numfashi, sai Inna ta ɗaga yatsa. Bai mayar duka ba. Ya kasa rabuwa da ita, ya riƙe guntun kurwar, ɗan kamar ƙwayar gero. Lanti ta tashi, ta yi aure, ta haihu, amma sanyi bai sake barin jikinta ba. Kuma mai guntuwar kurwa ba ya mutuwa sai an kawo masa sauran.

Na taɓa tambayarta ko son yarinyar yake ko mugu ne. Ta daɗe tana kallon wuta.

"Ni ma ban sani ba, Kunnen Jaki. In ya komo ki tambai shi."

Shekaru suka wuce, 'yan bindiga suka koro mu Ƙauran Namoda. Sa'annin Inna duk sun tafi, ita kuwa ta kwanta damina guda ba ci ba magana, numfashi ya ƙi tsayawa. Abu ɗaya take nunawa da ido, kada a rufe ƙofa.

Wata la'asar, maza suna kasuwa, wani dogon tsoho mai rawani ya yi sallama, ya ce daga arewa ya zo gaida mara lafiya. Na ɗauka dangi ne, na shigar da shi. Bai zauna ba. Ya dube ta, ya tattare rigarsa, ya tsallaka ƙafafunta, ya juya. A bakin ƙofa ya tsaya kamar mai jiran in yi magana. Tsoro ya sa na kauce masa, ya fita. Da na koma na kama hannun Inna, na ji shi da ɗumi, abin da ban taɓa ji ba tun ina ƙarama. Kafin magariba ta cika. A dokin ƙofa na tsinci guntun kanwa.

Na san ajali na Allah ne, ban kuma gaya wa kowa ba a lokacin. Da ƙuruciya na ɗauka Inna tsoratar da mu take kada mu yi wasa da baƙo. Yanzu abin da ke ci mini rai daban ne: mutum ya sayar da ransa dominki, kuma shi ɗin ya bar ki kina jin sanyi har tsufa.

Da na ba Rabi labarin, sai ta tambaya ko son ta yake ko mugu ne. Na ce ya tsaya a gabana ban tambaye shi ba. Sai na ce ta janye ƙafafunta daga bakin ƙofa.