Kwartowar da aka ba maigidana

Maigidana majemi ne, muna zaune Ƙofar Rini shekarun da ake ta gyaran ganuwar birni. Wata damina cikinsa ya ɗaure kwana huɗu. Na ce ya bari in jiƙa masa tsamiya. Bai saurare ni ba, ya tafi kasuwa wurin wani mai magani da ke shimfiɗa tabarma kusa da 'yan hatsi.

Da hantsi ya dawo yana tauna goro don kashe ɗaci. Na tambaye shi me ya sha.

"Kwartowa," in ji shi. "Guda ɗaya ya hwasa, ya dama min cikinta duka."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi. Kakata ta yi shekara da shekaru tana ba matan unguwa magani, kuma a wurinta na san kwartowa, ɗiyar wani yaɗo mai kama da ƙaramar guna. Ɗacin da ke cikin farin namanta shi ke wanke ciki, shi ne kuma ke yanka hanji. Kakar tawa ko kwatankwacin ƙwayar dawa ba ta cika bayarwa ba, sai ta gauraya da fura. Wannan mutumin ya ɗirka wa mijina ɗan itacen gaba ɗaya.

Kafin azahar ya fara zawo, kafin la'asar jini ne ke fita. Na kwashi bagaruwar da yake jima da ita, na daka, na jiƙa, ina ba shi kaɗan-kaɗan, domin baurinta na tsuke ciki yadda yake tsuke fata. Sai rana ta uku jinin ya tsaya.

Rana ta huɗu na yafa zane, ban nemi izinin kowa ba. Na tsinko kwartowa a bayan ganuwa, na dire ta kan tabarmar mai maganin.

"Hwasa ka sha, malam," na ce masa.

"Haba, baiwar Allah, ai ciwo da sauƙi duk na Allah ne."

"To sha, Allah shi ba ka sauƙi. Mi kaka tsoro?"

'Yan hatsi suka taru suna kallo. Bai taɓa kwartowar ba. Ya naɗe tabarmarsa yana gunaguni wai mace ta ci masa mutunci.

Maigidana ya tashi, amma bai ƙara iya tsayuwa yini guda a majema ba, ƙanensa ya karɓi ramukan jimar. Bayan sallar layya na ga mai maganin nan a wata ƙofar birnin, mata uku durƙushe gabansa, yana auna musu garin magani da tafin hannu.