Bel Ɗin Gwiwar da Na Kai wa Kawu Bakin Iyaka

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da ƙanwata, a wata tsohuwar mota da aka cusa mu huɗu a kujerar baya. Na roƙi bakin ƙofa saboda ƙafata ta dama. Shekara biyu ke nan da likita ya ce guringuntsin da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwata ya cinye, ya sa na sayi bel, wata roba mai kauri mai rami a tsakiya da ke riƙe ƙoƙon a mazauninsa. Ba ya warkarwa, amma da shi nake hawa bene. Wani irinsa ne a jakata, zan kai wa Kawu, wan mahaifiyarmu, masunci a wani ƙauye kusa da Lolo. Tun bara aka ce gwiwa ta hana shi shiga kogi, ni kuwa ina ta cewa sai na samu sarari.

Da hantsi muka iso Bagudo. Muka karya da ƙosai da kunu a tasha. Ƙosan ya ƙanƙance har ƙanwata ta tambayi mai tuya ko da cokalin shayi take zubawa. Matar ba ta yi dariya ba, ta ce mu je mu tambayi farashin wake.

Daga Kende hanya ta fara nuna hali. Kowane rami sai na ji shi a gwiwa kamar ana soka min tsinke. Muka haye gadar Kwara, ruwa ya ja baya, mata na dashen albasa a inda da jirage ke bi. Shingayen jami'ai kuwa na daina ƙirga su. Babura ɗauke da jarkoki suna wuce mu ta cikin gonaki, ba mai kallon wani. Da muka kusa iyaka, sai ciniki ya koma rabi naira rabi sefa, Hausa tana cakuɗe da Dandanci.

Bayan azahar muka samu Kawu a zaure kan buzu. Mutumin da na sani yana ɗaga jirgi shi kaɗai, yanzu da gindi yake ja zuwa bakin ƙofa. Da ya yaye zane, sai na ga gwiwar. Ta kumbura kamar tulu, duk tabon tsagar wanzami da na ƙaho, ƙafar ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, cinyar ta tsotse. Matarsa ta ce har ƙetare suka kai shi wajen mai ɗori, aka murɗa, ya dawo ya fi da.

Na fito da bel ɗin. Ya juya shi a hannu.

"Wanga ɗan abu shi za ya mai da ni ruwa?"

"Zai rage zafi, Kawu. Ni ma ga nawa."

Da ƙyar maɗaurin ya kama. Muka tallafe shi ya miƙe, ya dogara sanda, ya ce lallai ƙashin ya bar gurzawa kamar da. Ya dage sai mun kai shi bakin kogi. Tafiyar da ba ta fi a sha ruwa ba, sau uku muna tsayawa. Jirginsa na nan rabi a tudu, katakon ya fara tsagewa. Can nesa ana hango rumfunan kasuwar Dole Kaina, inda ya yi shekaru yana kai kifi. Ya dafa bakin jirgin, ya ɗaga ƙafar zai shiga, ba ta ko kai rabi ba. Ya sake gwadawa. A na uku ya bari, ya tsaya yana kallon ruwa.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Ku gaya ma maƙwabcina ya zo ya ɗauki jirgin, kada rana ta ƙarasa shi."

Sallar la'asar ya tayar a tsaye, abin da ya daɗe bai yi ba. Raka'a ɗaya ya samu, sauran a zaune. Na yi masa maganar asibiti a Birni, ya ce in ruwa ya dawo za a gani. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin kuma saye aka yi, a gidan da da ake rabar da shi kyauta. Ban iya ci da yawa ba.

Washegari muka juyo. Da muka shiga gida, Inna ta tare mu a tsakar gida ta ce, "Ya tashi?" Na ce ya tashi, amma bai shiga jirgi ba. Ta koma ɗaki.

Abin da na koyo, bel yana taimakon gwiwar da aka tara da wuri, tun tana lanƙwasuwa. Ni da ke kusa da asibiti na samu nawa a kan lokaci. Kawu yana da ɗan ƙanwa da ya san wannan duka, kuma tafiyar yini ɗaya ce ta ɗauke ni shekara guda.