Baƙuwar Malamar Hausa

Shekarata tara ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Azare aka turo mana ita. Kirista ce daga kudancin Bauchi, doguwa, mai fara'a, kuma ba Hausa ake yi a gidansu ba. Ranar da ta fara shigowa ɗakin malamai na ji ta ce "kasa" maimakon "ƙasa". Na zunguri ƙawata, malamar lissafi 'yar unguwarmu, muka sunkuyar da kai muna ƙunshe dariya.

"Wannan ce za ta koya wa 'ya'yan Katagum Hausa?" in ji ƙawar tawa. "Sai dai su koya mata."

Hajiya shugabar makaranta ta raba 'yan ajin ƙarshe gida biyu, ni rabi, ita rabi. Ko a jikina. Na ɗauka kafin zango ya ƙare yaranta za su gudo wurina.

Ba su gudo ba. Nawa ne ma suka fara leƙe ta taga in tana darasi. Ashe ranar kasuwa takan je ta zauna wurin tsofaffi masu daddawa da kuka, tana rubuta karin magana a ɗan littafi, ta kawo aji ta ce yara su warware mata. Ni da na sha Hausa a nono, tsohon littafin darasina nake ta juyawa. In na wuce na ji ajinta ya kaure da shewa, sai in ƙara sauri. Nakan ce wa ƙawata wasa kawai take da su.

A zango na biyu Hajiya ta sa gasar insha'i tsakanin azuzuwan biyu. Malamin kwamfuta ya buga takardun duka, ya sa lamba a madadin suna, aka ba ni in duba tunda ni ce babba a sashen. A ciki akwai wata da ta ba da labarin ranar da aka sayar da saniyar kakarta. Sau biyu na karanta, har idona ya kawo ruwa. Na ba ta maki mafi yawa, na ɗaga takardar a ɗakin malamai, da ƙarfi don baƙuwar ta ji, na ce, "Ga Hausar gado, ba ta koyo ba. 'Yar ajina ce, ko ba a faɗa ba."

Ita dai murmushi ta yi, ta ci gaba da duba littattafanta.

Washegari Hajiya ta buɗe jerin sunaye. 'Yar ajin baƙuwar ce. Wata Bafulatana daga Udubo, wadda na koyar a shekarar da ta gabata ban taɓa nuna ta ta yi karatu ba, don na riga na yanke cewa Fulatanci ya riƙe mata harshe.

Na bi Hajiya ofis na ce ina so in sake duba takardar. Na zauna da jan biro, layi-layi, har na tono kurakurai biyu na rabon kalma.

Hajiya ta zare tabarau ta dube ni. "Malama, jiya da bakinki kika ce babu abin cirewa. Me ya canza?"

Na ajiye takardar na fito.

Da sabuwar shekara ta shigo aka ba baƙuwar ajin ƙarshe gaba ɗaya, ni aka mayar da ni aji huɗu. Iyayen yara, mutanen da na tashi a gabansu, suna tare ni a gidan biki su ce, "Malamar nan taku, Allah Ya yi mata baiwa." In ce musu ƙwarai kuwa, raina yana suya. Ba ta taɓa yi mini ko kallon banza ba, kullum "Yaya" take ce mini, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Daga baya na nemi sauyin makaranta, na ce nisa ne ya yi mini yawa.

Bara na haɗu da yarinyar Udubo a tashar mota, ta zama malama ita ma. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malama, ko kina da lambar malamarmu ta Hausa? Na daɗe ina nemanta."

Ina da ita. Na daɗe ina lalube a wayata kamar ban gani ba, kafin na karanto mata.