Malam Bunu, Mai Sauraron Turmi

Na Allah muke, kuma gare shi za a tattara mu. Da hantsin ranar Laraba, sha biyu ga watan Afrilu na 1950, Allah ya karɓi ran Malam Bunu, duba-garin unguwarmu a nan Azare, bayan jinyar kwana huɗu. An yi masa sutura bayan azahar. Takardar da aka rubuta a ofis ta ce zazzaɓi ne. Ni na shiga duba shi ranar Litinin, na tarar an toshe taga da tsumma, kansa ya karkata baya, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Mai takarda ya riƙe takardarsa, ni ma na riƙe abin da idona ya gani.

Malam, ba zan yi maka ƙarya a bayan ranka ba: na daɗe ba na ƙaunarka. Ni tela ne, kuma mutum ne mai zargi, wanda in an cika yi masa fara'a sai ya shafa aljihunsa. Ga shi aikinka ba mai sa a so mutum ba ne. Ka yi sallama, ka wuce zaure, ka tsoma ludayi a randar matar mutum kana neman tsutsa. Matan unguwa Malam Ludayi suke kiranka, ka kuwa sani, har kakan amsa.

Da sanƙarau ya shigo garin nan bara, sai komai ya rikice. Aka rufe kasuwa, aka hana taron suna da zaman makoki, mai shela ya zaga ya ce kowa ya riƙa kwana a tsakar gida. Ɗakin shan magani ya cika, aka kafa bukkokin zana a bayan gari ta hanyar Chinade, aka ce duk gidan da aka kwanta a kai majinyaci can. Mutane suka ji cewa wanda ya mutu a bukkokin nan ba a yi masa wanka, sai kowa ya ɓoye nasa. Wasu masu unguwa ma sun taya ɓoyewa, don kada a ce tasu unguwar ce ta ɓaci. Na sama suna zargin na ƙasa da ɓoye gawa, mu kuma muna zargin farar ƙwayar da likita ya kawo tana fita ta bayan ɗaki zuwa gidajen manya. Har yau ban janye wannan zargin ba.

Kai kaɗai ba a iya ɓoye maka. Sai ka tsallake gida biyar ka tsaya a na shida, ka ce a fito da mara lafiya, kuma ba ka taɓa kuskure ba. Kowa ya ce kana da 'yan rahoto. Maƙwabci ya daina shiga zauren maƙwabci, mata suka daina aron wuta.

Haka ka zo mini ranar da 'yata Murja ta kwana biyu a kwance. Mun sa ta a ɗakin ƙurya, ba wanda muka gaya wa. Na tare ƙofa na rantse maka lafiya lau muke, Allah ya yafe mini. Ka dube ni ka ce, "Malam Gidaɗo, yau kwana biyu ne. In ta kai huɗu, ƙwayar ba za ta yi mata komai ba." Da kanka ka saɓe ta a kafaɗa har bayan gari. A can na ga abin da ban zata ba. 'Yan ga-ruwa sun gudu, kai kake jawo ruwa. Ka samo malami da tsofaffi biyu masu wankan gawa, ba a binne kowa sai an yi masa salla. Na ga ka durƙusa gaban wata Bafulatana daga wajen Bulkachuwa kana lallashinta da Fulatanci har ta buɗe wa ɗanta baki ya haɗiyi magani. Murja ta tashi bayan kwana tara, kunne ɗaya ya mutu, amma ta tashi.

Maimakon in gode, sai na shiga neman wanda ya kai ni. Danga ɗaya ce tsakanina da Malam Saleh marini, shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya. Na ce shi ne, wa kuma zai ji nishin yarinya in ba shi ba? Na faɗa masa a gaban mutane a ƙofar masallaci. Ya rantse, na ce rantsuwa ba ta da wuya, ni ma na yi ta. Daga ranar kwanonmu ya rabu. Na tambaye ka ya fi sau goma, kullum ka ce ba wanda ya gaya maka, kullum in ce a raina kana kare ɗan rahotonka ne.

Sai watan jiya, da ka kawo mini kakinka in yi masa faci, ka ji har yanzu ba ma magana da Saleh. Ranka ya ɓaci ƙwarai. Ka ce, "Turminka ne ya kai ka. Mai sanƙarau ba ya jure ƙarar taɓarya, kansa kamar zai tsage. Duk gidan da ya kwanta, mata sukan kai dakansu maƙwabta. Ni da safe nake bin lungu ina saurare. Gidan da ya yi shiru kwana biyu, alhali hayaƙi na tashi, nan nake tsayawa." Na ce me ya hana ka faɗa tun bara? Ka ce in mata suka sani, za su yi ta daka a kan majinyaci don su ɓatar da kai, ka gwammace a tsane ka. Ka roƙe ni abu biyu: in riƙe maganar, in je in ba Saleh haƙuri. Na ce gobe. Kunya ta hana ni, kuma, in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata bai gama yarda ba.

A cikin kwanakin nan ne aka yi shela cewa ciwo ya ƙare bana. Ana jiran wani babban baƙo, sai aka ƙone bukkokin zana, aka buɗe kasuwa. Ka je ka ce akwai gida bakwai da suka yi shiru a unguwarmu kaɗai. Wani babba a ofis, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ce ka cika tayar da hankali, ya mai da kai duba mahauta. Ba ka daina bin lungu ba, kana shiga ɗakunan majinyata ɗauke da ƙwayar da ta rage a aljihunka. A ɗaya daga cikinsu ka ɗauko abin da ya kai ka kabari. Yaya za a rubuta cewa duba-gari ya mutu da ciwon da aka ce ya ƙare? Sai aka rubuta zazzaɓi.

Ka gafarce ni, na karya alƙawarin riƙe maganar. Tunda babu sauran mai bin lungu, gara kowa ya koyi saurare, ya kuma san ba maƙwabcinsa ne ya kai shi ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka ji. Shekara ashirin ina jin dakan Dijatu, matar Saleh, ta bayan danga. Tana tafa hannu tsakanin bugu da bugu, ko cikin mata goma zan gane nata. Ranar Alhamis, washegarin binne ka, ban ji ba. Ranar Juma'a ban ji ba, ga hayaƙi yana tashi. Na sa hulata na tafi ɗakin shan magani, na ce akwai sanƙarau a gidan Malam Saleh, ni Gidaɗo tela na faɗa, a rubuta sunana. Aka ce ciwo ya ƙare. Na zauna a bakin ƙofa na ce ba inda za ni. Da la'asar malamin asibiti ya gaji da ni, ya ɗauki jakarsa ya biyo ni. Dijatu ce da kanta a kwance.

Jiya na gai da Saleh, ya kau da kai. Ba laifinsa ba ne. Ni na zarge shi da abin da bai yi ba, shi kuwa abin da yake fushi da ni a kansa, ni ne na aikata, ni na kai gidansa.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Bunu, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya goshin 'ya'yanmu. Ka ba matarsa Ya Gana da 'ya'yansa Fanna da Hammadu haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu. Ka yafe mana zaton da muka yi masa da wanda muka yi wa juna. Ka tashi kafaɗar Dijatu. Yau kwana huɗu tana shan ƙwaya, ni kuwa kullum da safe ina tsaye a jikin danga, ban ji turmi ba tukuna.