Zanen Kan Jirgi a Bahon Goggo

Ranar Laraba Yaya ya bugo mini waya daga Kaduna, ya ce Lahadi zai zo da mota ya tafi da Baba. Ba shawara yake nema ba, sanarwa ce. Dalilinsa shi ne sau uku ke nan cikin wata ɗaya ana tsinto Baba a hanya, ya bar gidansa na Ƙofar Galadima a nan Zariya da 'yar sandarsa, wai zai je neman zane-zanensa. Na ƙarshe har bakin unguwar Kongo ya kai kafin wani maƙwabcinmu ya gan shi ya dawo da shi a mashin. Yaya ya ce tsufa ya taɓa kan mahaifinmu, babu wasu zane-zane, kuma ba zai zuba ido sai mota ta kaɗe shi ba.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Na hau shi da faɗa, na ce mutumin da ke zuwa sau biyu a shekara shi ne zai gaya mini halin da Baba ke ciki? Ni ce nake biyawa kullum in na taso daga makarantar da nake koyarwa, ni ke ganin yadda yake zama a zaurensa mutanen unguwa na gaishe shi. Ya sha gaya mini cewa daga wannan gida za a ɗauki gawarsa. In aka kai shi bene a Kaduna aka rufe ƙofa, an gama da shi. Yaya ya bari na gama, sannan ya ce to, in nuna masa falle ɗaya tak na zanen nan kafin Lahadi, shi kuma zai yarda Baba na cikin hayyacinsa, ya ƙyale shi. Na san da gatse ya faɗa, amma na ce na ji na karɓa.

Labarin da Baba ke bayarwa shi ne, yana saurayi ya yi aiki a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa. A lokacin akwai wani ƙaramin jirgi mai amfani da kwal da tururi, dogonsa siriri, yana tashi daga Zariya ya hau zuwa Jos. Aikin Baba shi ne kwafe zanen kawunan jirgin da tawada, kowane ƙarfe da awonsa, don masu gyara. Da aka ɗage dogon, ya nannaɗo wasu ya kawo gida. Mu dai mun tashi mun same shi akawu, ba wanda ya taɓa ganin zanen, kuma sai bana ya fara maganarsu dare da rana.

Alhamis na birkice ɗakinsa tas. Takardun fansho, tsoffin hotuna, carbi uku, babu zane. Ya zauna yana kallona, ya ce ai ba a nan suke ba, amma da na tambaye shi ina, sai ya hau murza gemu kawai. Na kawar da kai na ce a raina gajiya ce.

Juma'a bayan an sauko masallaci mijina ya kai ni wurin wani dattijo, tsohon makanikin jirgi, da aka ce ya yi zamanin ƙaramin jirgin. Kunnensa ya yi nauyi, sai da na yi ta ɗaga murya kamar mai talla. Bai tuna Baba ba. Har na miƙe raina a jagule, sai ya tambaye ni wai takarda nake nema? Na ce i mana. Ya yi dariya ya ce to na yi ta nema har tashin duniya, domin ba a takarda ake yin su ba. A kan wani lallausan yadi ake yi, wanda aka shafa wa sitaci har ya yi santsi, yana ɗan shuɗi-shuɗi. Ya ce in ka jiƙa shi, sitacin da tawadar su fita, ka sami farin ƙyalle wanda babu irinsa a kasuwa.

"'Yata, kada ki tambayi maza," in ji shi. "Matan gidanku za ki tambaya."

Tun a mota na tuna da kokon Goggo. Goggo ƙanwar Baba ce, ita ta rage a tsohon gidan kakanmu a Limancin Kona, kuma duk danginmu an san babu mai kamu irin nata, ba tsaki ko ɗaya. Muna yara takan hana mu taɓa ƙyallen da take tata da shi, ta ce na gado ne. Na so mu wuce can kai tsaye, amma aka ce ta tafi biki ƙauye sai dare. Haka na kwana ina juyi.

Asabar da hantsi na shiga gidan ko sallamar kirki ban yi ba. Na same ta a tsakar gida tana surfe. Ta dube ni ta ce wannan wace irin shigowa ce kamar an biyo ni, sai na durƙusa na gaishe ta a gurguje na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce ai wannan naɗin na yayanta ne, wato Baba, ya ajiye a kan adakar mahaifiyarsu tun ita Goggo tana budurwa. Kakanmu malami ne, ya buɗe ya duba, ya ga babu sunan Allah a jiki, ya ce ba ruwansa da su. Mahaifiyarsu ce ta fara jiƙa ɗaya ta ga abin da ya fito. Tun daga nan in ƙyallen tata ya mutu sai a zaro wani. Da yawa suke a da, har maƙwabta an ba.

Na tambaye ta ko akwai saura. Ta nuna bayan randa da haɓa, ta ce jiya da safe nata ya yage, ta jiƙa wani kafin ta tafi biki.

Na ruga. Baho ne na roba, ruwan ya yi baƙi-baƙi. Na sa hannu na ɗago yadin, na ga inuwar wata babbar ƙafar jirgi da lambobi kewaye da ita, ina kallo tawadar na bin yatsuna tana zuba. Na juyo na fara sababi, na ce shekara da shekaru muna shan aikin Baba a koko ba wanda ya ce uffan, ga shi za a ɗauke shi kamar mahaukaci saboda abin da ke cikin bahonta. Goggo ta ajiye taɓarya ta ce in rage murya, ita ba sa'ata ba ce, kuma wa ya taɓa tambayarta? Gaskiyarta ce. Ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati, ta fito da wani abu naɗe cikin tsohuwar tabarma. Ta ce saura ɗaya, tana tanadinsa ne don azumi.

A bushe yake. Gefensa gara ta ɗan taɓa, amma ga kan jirgi nan cikakke, da bututun hayaƙi, da tukunyar ruwa, da ƙafafu, layuka sirara kamar gashi. A kusurwar ƙasa ga haruffan farko na sunan Baba, da irin rubutunsa da na sani a katin makarantarmu. Na rungume shi na fita, ko godiya sai daga baya na aika.

Lahadi Yaya ya iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na bari ya gaisa da Baba ya zauna, sannan na shimfiɗa zanen a tabarmar zaure, na danne kusurwoyin da takalma. Na zuba wa Yaya ido. Ya sunkuya ya daɗe a kan haruffan nan, ya cire tabarau ya mayar. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Baba ya matso da gwiwa. Ya bi layukan da yatsa yana faɗin sunan kowane ƙarfe, da inda ruwa ke shiga, da inda tururi ke fita, da yadda jirgin ke nishi in ya fara hawan dutse. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yaya ya ce a hankali, "Baba, ka yafe mini." Ni kuma na buɗe baki zan ce to sai a mai da mota Kaduna.

Sai Baba ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ake yi wa baƙuwa, da ladabi.

"Hajiya, an gode," ya ce. "Ke daga wane ofis aka aiko ki? Ki taimaka ki gaya wa Bature na gama, gobe da sassafe zan kawo."

Na ce Baba ni ce. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ya ce in gaida mutanen gida. Ya fara naɗe zanen da sauri, yana laluben sandarsa, wai kada ya makara.

Na dubi Yaya, shi kuma ya sunkuyar da kai, bai ce ai na gaya miki ba. Da ma ya faɗa, da na sami wanda zan yi wa faɗa. Na tashi na shiga ɗakin da na birkice ranar Alhamis, na jawo jakar tafiyar Baba daga ƙarƙashin gado. Na sa riguna huɗu, da hulunansa, da maganin hawan jini, da carbin da ya fi so. Zanen bai shiga jakar ba, don haka a hannu ya riƙe shi har cikin mota.